Ranar da Na Taƙaita Maganar Gwaggo

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Kowa in zai ba da labari yakan zaɓi wanda ya fito a gwani, ni kuwa a wannan, da ana rabon wauta a ranar, da kaso biyu na tashi. Amma maiɗakina ta ce in ban faɗa da bakina ba ita za ta faɗa, kuma na san hannunta da gishiri. To gara in riga ta. Abu ne da ko na tsufa har ina neman tabarau yana kan hancina, shi kam ba zan manta da shi ba.

Ni haifaffen Kusfa ne a cikin birnin Zariya, sai dai ƙafata ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Na yi fataucin goro har Kumasi, na leƙa Duwala, na yi gadi a Jidda, na kuma yi shekara huɗu a Legas ina rubuta lambar kaya a tashar jiragen ruwa. Bokona bai wuce aji uku na sakandare ba, sauran Turancin a hanya na tsintsinto shi. A Legas ɗin ne na kamu da son karin maganar Turawa. Shugabanmu a wurin aiki wani dattijo ne, in aiki ya zo da sauƙi sai ya ce "a piece of cake". Ranar da na tambaye shi ina ruwan kek da sauke kaya, ya yi dariya ya ce haka suke faɗa a inda mu za mu ce abu kamar shan ruwa. Abin ya burge ni. Ashe su ma suna da karin magana, ba mu kaɗai ba. A ranar na sayi littafin rubutu mai jan bango. Duk wadda na ji a bakin mutane ko a rediyo sai in rubuta ta a hagu, ma'anarta a dama. Kafin in dawo gida littafin ya kusa cika.

Matsalar ita ce da na dawo ban sami wanda zan yi wa ba. Na zama kamar mai sabuwar riga da ba a gayyata biki ba. A majalisarmu ta ƙofar gida, in an ce wane ya sayi tsire ya raba, sai in ce "once in a blue moon", in bi da bayani cewa abin da ba ya faruwa sai an daɗe ke nan. Su kalle ni su ci gaba da hirarsu. A nan aka laƙaba min Bature, sunan ya bi ni har cikin gida. Wata rana ana sheƙa ruwa na ce wa maiɗakina Turawa kan ce ana ruwan kyanwoyi da karnuka. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa, ta ce, "In dai a cikinsu akwai mai gyaran indararo, ka ce ya sauko, tunda kai ka gagara."

Katangarmu ɗaya da wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyata ce, duk unguwa Gwaggo muke ce mata. Sana'arta ɗinkin hula, kuma a zamaninta in ka ga hular da ta zauna daram a kan mutum, ba sai ka tambayi hannun wa ba. Tana da ƙane guda ɗaya da ya tafi Ingila karatu tun ban yi wayo ba. Ya yi aure a can, ya zo gida sau ɗaya ko biyu, daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Mahaifinsu, wanda har gobe Malam ake ce masa a unguwar, ya rasu bai sake ganinsa ba. Shekaru suka yi ta tafiya, sai ga waya wata rana cewa shi ma ƙanen ya rasu, an binne shi a can. Muka yi wa Gwaggo ta'aziyya, aka yi addu'a, aka watse.

Bayan 'yan watanni, tsakiyar damina, sai ga saƙo cewa ɗan marigayin na nan tafe. Ba ya jin Hausa ban da sannu da na gode. Ana bukatar tafinta. Duk majalisar da ke yi min dariya sai ga ta ta juyo tana kallona. Kwana biyu na yi ina bitar jan littafi kamar mai shirin jarrabawa, har na sa aka goge min babbar riga.

A Tudun Jukun ya sauka, a wani masaukin baƙi, na je na taho da shi. Dogo ne mai sanyin magana, zai yi shekara talatin da biyar, aikinsa haɗa magunguna. Kuma sunan Malam aka sa masa, wato sunan kakansa. Ku riƙe wannan, don ni a ranar ban riƙe ba. Tun a mota ya buɗe jaka ya nuna min wata tsohuwar hula da ta koɗe, bakinta ya sha maiƙo. Ya ce da mahaifinsa ya ga ciwo ba na tashi ba ne, sai ya damƙa masa ita ya ce, ka kai wa yayata, ita ta ɗinka min, ka ce mata ina roƙo ta yafe min. Ya kalle ni, ya kira ni kawu da Turanci, ya ce, "Ankul, kwana huɗu kawai nake da su, kuma ba yawon buɗe ido na zo ba. Kalma ɗaya na zo in ji daga bakinta."

Kun ji fa. Da kunnena na ji wannan magana. Amsar da na ba shi ita ce, "A piece of cake." Ya ɗan yi murmushi, ni kuwa na ji kamar an naɗa ni sarauta.

A rumfar tsakar gidan Gwaggo aka shimfiɗa mana tabarma. Maiɗakina ta shigo taya aiki, ita ta kawo kunun gyaɗa mai zafi ta koma gefe ta zauna. Gwaggo ta fito tana dafa bango. Kallo ɗaya ta yi masa, ta sunkuyar da kai, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska.

"Sannu da zuwa, Babana," ta ce. "Ka sha hanya, Babana."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Wanda ya ci sunan mahaifinka ba ka kama sunansa, sai dai ka ce Babana ko mai sunan Malam, kuma ka ba shi girman mai sunan. Amma ni sai na ga in na ce wa ɗan Ingila tsohuwar nan na kiransa ubanta, zan rikita shi. Na yar da kalmar, na ce masa tana yi masa barka da zuwa. Ya faɗi sunansa ya miƙa mata hannu. Ba ta karɓi hannun ba, ba ta kuma maimaita sunan ba. Ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu. Na gani, amma hankalina na can yana neman wadda zan jefa a gaba.

Ya fito da hular ya isar da saƙon, na juya mata da Hausa. Wannan kam na juya shi daidai, don a mota na haddace. Gwaggo ba ta taɓa hular ba. Ta turo faifai ta ce a ɗora a kai. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta fara magana, idonta a ƙasa.

Ta ce ita ta goyi ƙanen nata bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, har bayanta ya yi kanta. Ta ce hular nan kwana arba'in ta yi tana ɗinkinta, kuma da gangan ta ɗan matse bakin don kada iskar ƙasar mutane ta ɗauke masa. Ta ce Malam har ya koma ga Allah, in an yi sallama a zaure sai ya ɗaga kai ya ga ko ɗansa ne, amma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya yi masa mugun furuci ba. Ta ce ita ma ta yi fushi, fushi mai tsawo, har ta daina tambayar labarinsa, sai daga baya ta gane fushin ita kaɗai yake ci. Daga ƙarshe ta ce, "Ni na daɗe da sauke shi daga zuciyata. Amma tunda ya aiko a roƙa, na yafe masa duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Maiɗakina na share hawaye da bakin zani. Ni kuwa, Allah ya gani, rabin kunne na ba maganar. Tun daga tsakiya na ji ƙamshin inda za ta, sai na shiga buɗe shafuka a kaina. Can sai ga ta. Akwai wata da na rubuta tun a Legas, na yi shekara da shekaru ina ɗauke da ita ban sami inda zan sauke ba. A gabanta na rubuta: abin da ya wuce ya wuce. Na gyara zama, na gyara murya, na dubi baƙo na ce, "She says it is water under the bridge." Wato wai ta ce ruwa ne da ya riga ya wuce ƙarƙashin gada.

Ya jira in ci gaba. Ban ci gaba ba.

"Shi ke nan abin da ta ce?"

"Shi ke nan," na ce, ina jin daɗin yadda na ɗaure dogon zance a ƙulli ɗaya.

Ya dubi Gwaggo, ita kuma ƙasa take kallo. Ta ɗauki faifan da hular ta shige ɗaki. Aka kai masa tuwon shinkafa da miyar taushe da kaza a ɗakin zaure, aka jawo masa ƙofa, kamar yadda ake yi wa baƙo mai daraja don ya sake ya ci ya ƙoshi ba idon kowa. Ni ma na fita na bar shi. Ban ce masa komai a kai ba. Abin da ka tashi a cikinsa ba ka tuna cewa yana bukatar fassara.

Washegari da muka zo, Gwaggo ta leƙo ta gaishe da Babanta ta koma ɗaki, ba ta sake fitowa ba. Sai na ce bari in zaga da shi gari. Na nuna masa zauren da Malam ya yi karantarwa, na bi da shi lungunan da ubansa ya yi wasa, muka fita har Ƙofar Gayan ya ga ragowar ganuwa, ciyawar damina ta lulluɓe ta. Duk hanya ina ɓarin karin magana kamar mai tallar gyaɗa. Hadari ya taso, na saki kyanwoyi da karnuka. Muka wuce masu ɗinkin babbar riga, na ce irin wannan "costs an arm and a leg", wato tsada kamar me. Yana amsawa da kai kawai.

A gindin ganuwar ya tsaya, ya daɗe yana kallon gonakin masara, sannan ya ce a hankali, "Ankul, I think she is giving me the cold shoulder."

A nan ne nake so ƙasa ta tsage in shige duk lokacin da na tuna. Mutum ya buɗe min cikinsa, yana gaya min yana ganin yayar ubansa ta juya masa baya. Ni kuwa sai murna ta kama ni, don na san wannan. Na ce, "Ai ina da ita, tana shafi na goma sha biyu." Na shiga yi masa bayani cewa ana faɗinta ne in mutum ya share ka da gangan, ya nuna ba ya yi da kai. Ni ɗan Kusfa, ina koya wa haifaffen Ingila Turanci. Ya dube ni, kallon da sai daga baya na fahimce shi, ya ce, "Haka ne, Ankul. Ma'anarta ke nan."

Rana ta uku da hantsi ina karyawa sai ga wayarsa. Ya gode min ƙwarai, ya ce ya canza shawara, yau zai wuce Abuja in an yi azahar, ba sai gobe ba. Ya ce in gaishe da Gwaggo, ba ya son ya ƙara takura mata. Na ajiye waya ina mamaki. Daidai nan maiɗakina ta shigo daga gidan Gwaggo, na gaya mata.

Ta tsaya da mayafi a hannu. "Zai tafi? Tsohuwar nan kwana biyu ke nan tana fama da allura, ni nake zura mata zare don idonta ba ya gani. Hular da ta fara wa ƙanenta tun shekarun baya ta ajiye ba ta gama ba, ita ta ciro daga ƙasan kwalla take ƙarasa wa ɗansa. Shi ya sa ba ta fitowa, so take ta gama kafin gobe." Ta zauna ta ƙura min ido. "Maigida, tsakaninka da Allah, me ka gaya masa shekaranjiya?"

"Abin da ta ce mana."

"Gwaggo ta yi magana har kunu ya huce ya yi fata. Kai kuma numfashi ɗaya ka yi. Ni Turancina na 'yan sakandare ne, amma na san yadda ake cewa an yafe, kuma ban ji ta fito daga bakinka ba. Gada na ji."

Na ce ai karin magana ce, ta ƙunshi komai.

"Ta ƙunshi goyon da ta yi masa? Ta ƙunshi duniya da lahira?"

Lomar ƙosan da ke hannuna ban san inda na ajiye ta ba. Na jawo babur, ruwa ya riga ya fara sauka, ban tsaya neman rigar ruwa ba. Daga Kusfa zuwa Tudun Jukun ba wata tafiya ba ce, amma a ranar sai na ga kamar Kumasi za ni. Ruwa na dukan fuskata, kwatoci sun cika sun hau titi, kuma a karon farko cikin shekaru ana ruwa ban tuna da kyanwa ko kare ba.

Na same shi a barandar masauki, direba na sa jaka a bayan mota. Ya ga yadda na jiƙe sharkaf ya ce in shigo. Na ce ba zan zauna ba sai ya gaya min abin da ya ji a maganar da na yi masa ranar farko.

Ya ce a wurinsu ana faɗin wannan ne in abokai biyu sun yi 'yar rigima an shirya, ko kuma in mutum ba ya son a sake tayar da zance. Ya ce, "Ubana yana kan gadon mutuwa ya roƙi gafara. Amsar da na samu ita ce tsohon zance ne, a bar shi. Ba ta karɓi hannuna ba, ba ta taɓa kiran sunana ba, aka rufe ni a ɗaki na ci abinci ni kaɗai. Na gane, Ankul. Ban ga laifinta ba."

Ashe ma'anar da na rubuta a littafi daidai ce. Wurin faɗinta ne ban rubuta ba, don ba wanda ya gaya min akwai shi.

Na ce masa, da Turancin tasha, wanda ba ado ba kwalliya, "Ba ita ta faɗi haka ba. Ni na faɗa. Ita ta yi magana mai tsawo, ni na cinye." Na gaya masa tsohuwa irinta ba ta gaisawa da namiji hannu da hannu. Na gaya masa baƙon da aka raina shi ake bari ya ci abinci a tsakar gida kowa na kallon lomarsa. Sannan na zo kan sunan. Na ce, "Sunanka sunan ubanta ne. Tunda take ba ta taɓa furta shi ba, kuma ba za ta fara a kanka ba. Ka san abin da take kiranka tun ranar da ka shigo? Babana. Ubana ke nan. A wurinta, da ka yi sallama, mahaifinta ne ya dawo gidan."

Ya maimaita kalmar a hankali. Ya ce ya yi ta jin ta, ya ɗauka wani take kira a cikin gida. Ya juya ya ce wa direba ya sauke jakar.

Gwaggo na rumfa da allura a hannu da muka shiga, maiɗakina na gefenta. Tsohuwar ta yi saurin tura ɗinkin ƙarƙashin zani. Na durƙusa na yi mata bayani, ban rage komai ba, tunda ragi ne ya kai ni inda nake. Na roƙe ta ta maimaita maganar shekaranjiya.

Ta dube ni sama da ƙasa, ruwa na ɗiga daga gemuna. "Kai Bature, maganar da na ba ka ka kai daga nan zuwa nan, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, a ina ta zube?"

"A bakina, Gwaggo."

"Uwarka ma ta sha faɗa, in an aike ka sayen gishiri sai ka dawo da labari." Maiɗakina ta juya baya kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta gyara zama. "To zauna. In na faɗi ɗaya ka juya, in ji ka gama, sannan in faɗi ta biyu. Kuma in na ji taka ta fi tawa gajarta, sai ka sake."

Haka aka yi. Ta faɗi goyon, na juya. Ta faɗi kwana arba'in da bakin hular da ta matse, na juya, sai ya yi 'yar dariya hawaye na zuba, ya ce ubansa har ya mutu yana ƙorafin hular na matse masa kai, amma bai taɓa yarda an buɗa ta ba. Na juya mata wannan ma. Ta rufe baki da mayafi. Ta faɗi Malam da sallamar zaure. Ta faɗi fushinta, ba ta ɓoye ba. Turancina ya yi ta tuntuɓe, wani wurin sai na haɗa da hannu, amma ban tsallake ko ɗaya ba. Da ta zo ƙarshe sai ta ɗago kai, karo na farko, ta dube shi ido cikin ido.

"Babana, na yafe masa duniya da lahira."

Na juya masa kalma bayan kalma. Na ce ta yafe masa a wannan duniya, ta kuma yafe masa a wadda ya tafi. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Ruwa na ta zuba daga indararo.

Gwaggo ta jawo ɗinkin ta ce tunda asiri ya tonu, ya matso a gwada. Saura ɗan baki kaɗan a gama. Ya durƙusa ta ɗora masa, hular ta zurma har kunne. Ta ce, "Af. Da kan ubanka na auna. Nasa ya fi girma, shi ya sa ya fi ka taurin kai." Na juya, ya yi dariya sosai, ya ce mahaifiyarsa kuwa cewa take shi "a chip off the old block" ne. Na ji bakina na ƙaiƙayi, shafin ma na gani a idona, amma na daure na ce wa Gwaggo kawai, wai an ce halin ubansa ya ɗauko. Ta ce, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ya sa na yi masa bayanin barewa da ɗanta, ya ciro waya ya rubuta. Wato shi ma ya buɗe nasa jan littafin.

Bai tafi ranar ba, bai ma tafi washegari ba, sai da ya ƙara kwana uku. Ya bar masauki ya dawo ɗakin zaure, kuma ya roƙi alfarma a daina rufe shi da abinci, sai ni nake shiga mu ci tare. Tun daga lokacin kusan kowace shekara sai ya zo, bara har da matarsa da 'yarsu. Hausarsa ta yi ƙwari, har in ya kira waya yakan ce min zumunta a ƙafa take, in ce masa ya bi a hankali, da irin wannan na kusa korarsa.

Littafina na nan, ban ƙona ba, har yanzu ina son abina kuma ina ƙara sababbi. Sai dai na ja layi na uku a kowane shafi, inda nake rubuta wa ake gaya wa, kuma a wane hali. Na gane karin magana, tamu ko tasu, kamar yaji ce, tana gyara tuwon da aka riga aka tuƙa, amma ba a miƙa wa mai jin yunwa ita tsura. Kuma wanda aka ba saƙo, aikinsa ya kai shi yadda aka ba shi, ba ya tsaya a hanya yana yi masa ɗinkin da zai nuna gwanintarsa ba.

Akwai layi ɗaya a shafin ƙarshe da har yau ɓangaren hagunsa ba komai. Ranar da baƙon ya tafi, bayan mota ta sha kwana, Gwaggo na tsaye a bakin zaure tana kallon hanya. Ba ta juyo ba ta ce min, "Bature, kai da ka cika littafi da maganarsu. Su Turawan nan, in suna son mutum har ba sa iya kiran sunansa, me suke cewa?"